JAWABIN YABO GA 'YAN MAKARANTARMU TA FIRAMARE A BIKIN CIKA SHEKARA 50

 

GABATARWA

Kwamitin shirya wannan biki ya ba mu wannan fili domin mu yi magana a kan makarantarmu ta firamare. Waɗanda suka riga mu tsayawa a nan sun ba da tarihin ginin majami'a, da na bayin Allah da suka yi kiwon wannan ikilisiya cikin shekara 50. Namu rabon shi ne mu juyo da hankalin jama'a zuwa ga waɗannan yara da ke zaune a gaba cikin rigunan makaranta, mu faɗi abin da suka yi, mu yaba musu, sa'an nan mu faɗi abin da ya rage a wuyanmu mu manya. Hausawa sun ce yabon gwani ya zama dole. Amma kafin a yabi gwani sai an san irin aikin da ya yi, saboda haka za mu ɗan tsawaita. Muna roƙo ku yi mana haƙuri.

INDA AKA FARO

Karatu ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa akwai makarantun allo, akwai kuma masu rubuta Hausa da ajami. Karatun boko shi ne ya zo daga baya, ta hanyoyi biyu: ta hannun gwamnatin Turawa, da ta hannun 'yan mishan. A shekara ta 1909 Hans Vischer, wanda mutanen Kano suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar gwamnati a Nasarawa ta Kano. Ta wajen mishan kuwa, Dokta Walter Miller na CMS ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, yana magani yana koyar da yara, har aka mayar da aikin zuwa Wusasa a 1929. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa. Wannan ya sa duk inda aka kafa 'yar majami'a, ko ta ciyawa ce, sai ka tarar da ajin koyon karatu a gefenta, gama iyayenmu sun ƙi yarda su dogara ga wani ya riƙa karanta musu. A 1934 mishan ta SUM ta fara horar da malamai da masu bishara a Gindiri, a 1953 kuma ta buɗe makarantar yara makafi a can.

Ku dubi abin da ya fito daga waɗannan ƙananan azuzuwa. Makarantar St. Bartholomew ta Wusasa ita ce ta yi renon Farfesa Ishaya Audu, likitan yara, wanda ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. A can ne kuma Janar Yakubu Gowon ya yi karatunsa na firamare. Shi ne a 1974 ya ba da sanarwar shirin ilimin firamare kyauta ga kowane yaro, wato UPE, wanda aka ƙaddamar a 1976 a zamanin Janar Olusegun Obasanjo. Yaron da ya koyi baƙaƙe a makarantar mishan, ɗan mai wa'azi, shi ne ya buɗe ƙofar da miliyoyin yara suka shiga. Malaminsa na aji ɗaya bai san haka zai faru ba ranar da yake kama masa hannu yana koya masa riƙon alli.

Daga baya, a 1999, aka ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, dokarsa ta 2004 kuma ta ce kowane yaro ya sami shekara 9 na karatu kyauta kuma dole: 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare. Makarantarmu reshe ce ƙarama ta wannan babban itace, kuma ƙofarta a buɗe take ga 'ya'yan maƙwabtanmu duka, Kirista da Musulmi, gama ɗa na kowa ne.

ABIN DA YARA KE KOYA KULLUM

Yawancinmu ba ma ganin makaranta sai ranar ba da kyauta. Muna so yau mu shigar da ku cikin azuzuwa, ku ga abin da ke faruwa tsakanin ƙararrawar safe da ta tashi.

A aji ɗaya yaro yana fara da wasula biyar: a, e, i, o, u. Daga nan sai a haɗa masa baƙi da wasali, ya ce ba, be, bi, bo, bu. Ranar da ya gane cewa ba da ba in an jera su sun zama baba, ranar ce aka buɗe masa ƙofa. Sa'an nan ya zo kan baƙaƙe masu lanƙwasa, ya koyi cewa kafa daban, ƙafa daban. Bata daban, ɓata daban. Daidai daban, ɗaiɗai daban. Wannan ɗan ƙugiya da ke kan harafi yana canza ma'ana ɗungum. Akwai manya masu takardun shaida da har yau ba su bambanta su a rubuce, amma ga yaranmu 'yan shekara 6 da 7 suna yi.

Albarkar da ke cikin Hausa ita ce, kusan yadda ake faɗinta haka ake rubuta ta. Turanci ba haka yake ba: harafi ɗaya yana iya fita da murya uku ko huɗu. Shi ya sa yaron da ya fara kama karatu da harshen da yake ji a gida yake samun sauƙin tsallakawa zuwa Turanci, domin ya riga ya san sirrin yadda baƙi ke zama magana. Marigayi Farfesa Babatunde Fafunwa ya gwada wannan a Ile-Ife, cikin wani shiri da aka fara a 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci dukan shekara 6 na firamare, ana koya musu Turanci a matsayin darasi. Yaran ba su koma baya a Turanci ba, a wasu darussa ma sun wuce takwarorinsu. Gwamnati ta sha canza ra'ayi game da harshen koyarwa, amma a gida babu dokar da ta hana uwa ta zaunar da ɗanta ya karanta mata Hausa. Kada wani ya ji kunyar harshensa.

A aji biyu da aji uku ana fama da lissafi: tarawa, debewa, sau, da rabawa. Abin da ya fi wahalar da yaro shi ne ya gane cewa 2 da ke cikin 25 ba biyu ba ce, ashirin ce. Malamanmu suna ɗaura tsinke goma-goma, su ajiye ɗauri biyu da tsinke biyar a kan tebur, yaro ya ƙirga da hannunsa. Da murafun kwalba da 'ya'yan tsamiya ake koyon jadawalin sau. Amfanin wannan yana bayyana a kasuwa. Yarinyar da aka aika da Naira 500 ta sayo kayan Naira 350, ta tsaya ta ce sai an ba ta 150, ta ci jarrabawar da ta fi ta takarda.

A aji huɗu zuwa shida duniya tana faɗaɗa. Suna shuka wake a gwangwani, ɗaya a rana, ɗaya a cikin duhu, su riƙa aunawa da rula suna rubutawa, har su gani da idonsu cewa tsiro yana bukatar haske. Sun san macen sauro ce ke kawo zazzaɓin cizon sauro, kuma tana yin ƙwai a ruwan da ya kwanta, saboda haka in kun ga yaro yana kifar da tsohuwar tukunya a bayan ɗaki, kada ku tsawata masa. Sun san yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari ga mai gudawa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wannan sani kaɗai ya isa ya ceci ran ƙaninsu kafin a kai asibiti. Suna iya nuna muku a taswira inda Kogin Kwara da na Binuwai suka haɗu a Lakwaja, su gaya muku ƙasarmu ta sami 'yancin kai a 1960, tana da jihohi 36 tun 1996, da ƙananan hukumomi 774. A gonar makaranta suna koyon yin kunya, da tazarar da ake bari tsakanin rami da rami, da lokacin sa taki.

Akwai kuma abin da ba ya shiga katin sakamako. Yaro ya koyi jiran layi. Ya koyi ɗaga hannu kafin ya yi magana. Ya tsinci fensirin wani ya kai wa malam. Ya share aji ranar da aikin ya faɗo kansa ba tare da an bi shi da tsumagiya ba. Ya zauna benci ɗaya da wanda ba yarensu ɗaya ba, ba addininsu ɗaya ba, su raba ƙosai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ƙasar nan tana matuƙar bukatar irin wannan tanƙwarawa.

WAƊANDA MUKE YABAWA YAU

Sunayen yaran da za su karɓi kyauta suna cikin wannan ɗan littafi da ke hannunku. Muna so mu bayyana dalilin da ya sa aka kasa kyautar kamar yadda aka kasa ta.

Da farko, waɗanda suka zo na ɗaya, na biyu da na uku a kowane aji. Kun yi ƙoƙari, mun gani, muna murna da ku. Haka nan 'yan aji shida da suka ci jarrabawar shiga sakandare. Ku tafi da sunan gidajenku da na wannan makaranta, ku riƙe shi da kyau.

Na biyu, waɗanda suka fi kowa ci gaba. Wannan kyauta ce da muke so jama'a su tafa mata da ƙarfi. A cikinsu akwai yarinyar da ta shiga aji uku ba ta iya haɗa baƙi biyu, ga ta yau za ta tsaya a gabanku ta karanta labari daga farko har ƙarshe. Akwai yaron da ya taso daga can ƙasan jeri ya hau tsakiya. Wanda ya tashi daga na ƙarshe ya zo tsakiya ya yi tafiya mai nisa fiye da wanda ya tashi daga na biyu ya zo na ɗaya. Sannu ba ta hana zuwa.

Na uku, waɗanda ba su yi fashi ba ko rana ɗaya cikin shekara. Wasunsu suna tahowa a ƙasa daga ƙauyukan da ke kewaye, da damina da hunturu. Rabin wannan kyauta ta iyayensu mata ce, waɗanda suke tashi tun da asuba su hura wuta.

Na huɗu, masu tsabta da ladabi, da gwanayen guje-guje da ƙwallo, da na kacici-kacici, da masu aikin hannu waɗanda tabarmi da faifai da tsintsiyar da suka yi suna baje a bakin ƙofa. Baiwa iri-iri ce. Wanda hannunsa ya iya saƙa kada a ce masa bai iya kome ba.

Ku kuma 'ya'yanmu da ba a kira sunanku yau ba, ku saurara da kyau. Ba a manta da ku ba. Ku duba littafinku na rubutu na farkon shekara, ku gwada shi da na yanzu. Bambancin da kuka gani aikin hannunku ne, ba mai ƙwace muku shi. Shekara mai zuwa tana nan tafe.

MALAMANMU

Ba za mu wuce ba sai mun ce malamai su miƙe tsaye jama'a ta gan su. Waɗannan su ne suke rubuta shirin darasi da dare, su yi makin littattafai da hasken tocila in ba wuta, su share hawayen wanda ya faɗi, su raba faɗa, wani lokaci su sayi alli da kuɗin aljihunsu. Malamin kirki shi ne yake lura da abin da wasu ba su lura da shi ba. Sau da yawa yaron da ake kira daƙiƙi, allo ne ba ya gani sosai, ko kunnensa ne ke ciwo, ko kuwa da yunwa ya fito. A dawo da shi bencin gaba, a kai shi a duba idonsa, a ba shi koko da safe, sai a ga wani yaro dabam. Malamai, mun gode. Iyaye sun gode.

ABIN DA YA KAMATA YA DAME MU

Biki ba ya hana faɗin gaskiya. A shekara ta 2022 Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ba da rahoto cewa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki, kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi. Kafin annobar korona, wadda ta sa aka rufe makarantu a 2020, adadin kashi 57 ne. Da yawa daga cikin waɗannan yara suna zuwa makaranta kullum, suna da riga, suna da jaka, ana ciyar da su gaba daga aji zuwa aji, amma karatun bai shiga ba. Asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ya daɗe yana faɗin cewa yaran Nijeriya fiye da miliyan 10 ba sa makaranta sam, mafi yawansu a nan Arewa.

Ga dalilin da ya sa shekara 10 take da muhimmanci. Daga aji ɗaya zuwa uku yaro yana koyon karatu. Daga aji huɗu kuwa da karatun yake koyon sauran abubuwa. Wanda ya shiga aji huɗu bai iya karatu ba, kimiyya za ta rufe masa, tarihi zai rufe masa, har lissafi, domin ba zai iya karanta tambayar ba. Sai ya koma bayan aji ya yi shiru, daga shiru sai fashi, daga fashi sai barin makaranta. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Idan muna so mu ga likitoci da malamai da manoma masu ilimi daga cikin wannan ikilisiya nan gaba, aji ɗaya zuwa uku ne wurin da za mu sa ido.

ROƘONMU GA IYAYE DA IKILISIYA

1. Kowane gida ya keɓe ɗan lokaci da yamma, ko minti 15 ne, yaro ya karanta da ƙarfi a gaban babba. Uwa ko uba da bai yi boko ba ma yana iya wannan. Ki ce masa, “Karanta mini, sa'an nan ka gaya mini abin da labarin ya ce.” In ya kasa faɗi da bakinsa, kin san akwai gyara, sai ki je ki ga malam.

2. Kada yaro ya fita da safe cikinsa wayam. Ko ɗumamen tuwo ne a ba shi.

3. A rage aike da talla a lokacin makaranta. Mun san halin da ake ciki, mun san ranar kasuwa da lokacin girbi ana bukatar hannu. Amma darasin da ya wuce yaro ba ya dawowa ya jira shi.

4. A bar 'ya'ya mata su gama. In kuɗi ya gaza, sau da yawa 'ya mace ake fara cirewa. Zumuntar Mata, wannan aikinku ne: ku san gidajen da abin ya shafa, ku kawo wa dattawa magana tun kafin yarinya ta bar aji. Marayu da 'ya'yan gwauraye kuma nauyinmu ne mu duka.

5. Tsofaffin ɗaliban wannan makaranta da kuka zo daga birane, muna roƙonku abu ɗaya: littattafai. Yaro ba ya zama gwanin karatu da littafi ɗaya, kamar yadda ba a koyon iyo a cikin kwano. Ku kawo littattafan labarai na Hausa da na Turanci daidai ƙarfin yara. Magana Jari Ce ta Alhaji Abubakar Imam, wadda ta fito tun shekarun 1930, har yau yara suna sonta. A sami kabad mai makulli a kowane aji, yaro ya ara ya kai gida ya dawo da shi.

6. Kwamitin makaranta da dattawa su tabbata albashin malamai yana fita a kan kari. Ba daidai ba ne mu yabe su a gaban jama'a yau, sa'an nan wata ya ƙare su koma gida hannu wofi.

7. Matasanmu da suka gama sakandare suna jiran sakamako, ku ba da yammacin Asabar ku taimaki ƙannenku da ke baya a karatu. Yaro ɗaya ga kowane matashi ya isa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

KAMMALAWA

Iyayenmu da suka kafa wannan ikilisiya shekara 50 da suka wuce ba masu arziki ba ne. Manoma ne, da leburori, da 'yan ƙananan ma'aikata. Duk da haka sun ɗebo ruwa, sun buga tubali, sun ba da dawa da gyada domin a sami aji. Yawancinsu sun huta, amma jikokinsu ne za su karanta mana yau. In Ubangiji ya kai wannan ikilisiya shekara 100, da yawa a cikinmu ba ma nan. Waɗanda za su zauna a kujerun dattawa ranar, su riƙe littafin kuɗi, su rubuta tarihin da za a karanta, su ne waɗannan da ƙafafunsu ba su kai ƙasa ba in sun zauna a benci. Abin da muka zuba musu yanzu shi za su ɗiba a lokacin.

'Ya'yanmu, mun yi murna da ku ƙwarai. Ku ci gaba da ƙwazo, ku girmama malamanku, ku ji maganar iyayenku. Yanzu muna roƙon Hedimasta ya matso ya kira sunaye, jama'a kuma kada ku yi rowar tafi.

Allah ya albarkaci yaranmu, ya ƙarfafa malamansu, ya ba iyaye abin da za su riƙe su da shi, ya ba ƙasarmu salama. Amin.